Zaɓen Wayar Lasifika don Kayan Sauti na Falo: Kauri, Irin Ƙarfe da Ɗaurin Baki

Mafi yawan 'yan uwanmu da suke sayen kayan sauti na falo a nan Jidda sukan ƙarar da tunaninsu da kuɗinsu wajen zaɓen amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da lasifikoki, sai ranar haɗawa ta zo sannan a tuna da waya, a aiki yaro shagon kayan lantarki mafi kusa ya yanko duk wadda ya tarar. Wasu kuma da suka yi karance-karance a intanet sai su faɗa ɗaya ɓangaren, su sayi waya wadda tsadarta ta kusa kamo kuɗin lasifikar kanta, saboda an ce musu tana gyara murya. Na daɗe ina haɗa wa dangi da maƙwabta irin waɗannan kaya, kuma abin da na gani shi ne zaɓen waya ya rataya a kan abubuwan da kowa zai iya aunawa da kansa, wato kaurin ƙarfen da ke cikinta idan aka gwada shi da nisan da za ta yi, da irin ƙarfen, da yadda aka ɗaura bakinta, da hanyar da aka bi da ita a cikin ɗaki.

Kauri shi ne kan gaba, kuma a kansa ya kamata kuɗi ya tafi. Kowace waya tana da turjiya, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta, kuma ana auna wannan da om. Idan wayar ta ƙara tsawo turjiyarta ta ƙaru, idan ta ƙara kauri ta ragu. Ita ma lasifika tana da tata turjiyar, wadda ake rubutawa a bayanta, yawanci om 8 ko 6 ko 4. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce kada turjiyar waya, zuwa da dawowa, ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta lasifikar. Ga lasifika mai om 8 iyakar ita ce om 0.4, ga mai om 6 kuwa 0.3, ga mai om 4 kuma 0.2 kacal. A wannan iyaka ƙarfin sautin da ake asara bai kai rabin desibel ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), abin da kunne ba ya kamawa a cikin falo.

Abin da yakan rikita mai saye shi ne ma'auni iri biyu ne suke yawo a kasuwa. Wayar da ake yankawa a shagunan lantarki na ƙasar nan da murabba'in milimita ake kiranta, a ce 0.75 ko 1.5 ko 2.5 ko 4, kuma lamba mafi girma ita ce waya mafi kauri. Wadda take zuwa a naɗe cikin kwali, musamman ta intanet, da ma'aunin Amurka na AWG ake rubuta ta, shi kuwa a juye yake, domin lamba mafi ƙanƙanta ita ce mafi kauri. Mai lamba 18 ta yi kusan 0.8, mai 16 kusan 1.3, mai 14 kusan 2.1, mai 12 kuma kusan 3.3. Saboda haka wanda ya ga 18 ya ɗauka ta fi 14 ƙarfi ya sayi siririya da hannunsa.

Idan aka yi lissafi da jan ƙarfe zalla, waya mai 0.75 tana da turjiyar kusan om 0.046 a kowace mita, zuwa da dawowa, don haka za ta kai mita 8 da 'yan kai ga lasifika mai om 8, amma mita 4 kawai ga mai om 4. Mai 1.5 tana kaiwa mita 17 ga mai om 8, mita 13 ga mai om 6, kusan mita 9 ga mai om 4. Mai 2.5 tana kaiwa mita 29, da 21, da 14 a wannan jeri. Mai 4 kuwa ta wuce buƙatar kowane falon da na taɓa shiga, kuma kaurinta yakan zama matsala, domin ba ta shiga ramin ƙananan lasifikoki, ba ta kuma lanƙwasuwa cikin sauƙi a kusurwa.

Kuskuren da aka fi yi ba a lambar waya yake ba, a auna nisa yake. Mutum yakan tsaya a bakin talabijin ya dubi bangon baya ya ce mita biyar ne ko shida, alhali waya ba ta gitta tsakiyar ɗaki. A majalisa, wato falon zaman baƙi, mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4, irin wadda ta yawaita a gidajen haya na bene, wayar lasifikar baya za ta yi mita 2 daga amfilifaya zuwa kusurwa, ta bi bango mita 5 ko 6, idan ta ci karo da ƙofa ta hau sama da mita 2 ta gitta sannan ta sauko wasu mita 2, daga nan ta sake hawa zuwa inda aka rataye lasifikar. Kafin ka ankara ta cinye mita 14. Don haka a ɗaki guda ana iya samun amsa biyu. Lasifikokin gaba uku, na hagu da na dama da na tsakiya, waɗanda ba su wuce mita 2 ko 3 daga amfilifaya ba, mai 1.5 ta ishe su har da rara. Na baya kuwa, idan masu om 6 ne kamar yadda aka saba a kayan gida, mai 1.5 ta riga ta ɗan wuce iyaka, mai 2.5 ce za ta ba ka natsuwa. Ni dai a irin wannan ɗaki nakan sayi naɗi guda na mai 2.5 in yi wa duka, domin bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ragowar ba ta zama asara. Hanya mafi inganci ta auna nisa ita ce a bi ainihin hanyar da igiya ko zare, a auna igiyar, sannan a ƙara mita ɗaya don a iya jawo amfilifaya waje idan za a duba bayanta.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa dole ne wayar hagu da ta dama su zo daidai a tsawo, in ba haka ba sauti zai riga isa ɗaya gefen. Wannan ba abin damuwa ba ne. Saƙon lantarki yana gudu a cikin waya da saurin da ya kusanci na haske, alhali sauti a iska mita 343 yake yi a daƙiƙa, don haka matsar da kanka taku ɗaya a kan kujera ya fi bambancin mita goma na waya tasiri nesa ba kusa ba. A yanka wa kowace lasifika abin da take buƙata, kada a bar tulin waya a naɗe bayan kabad.

Daga kauri sai irin ƙarfe, kuma a nan ne ake cin mutane. Duk lissafin da na kawo a sama na jan ƙarfe zalla ne, amma da yawa daga cikin wayoyi masu araha ba shi ne a cikinsu ba. Alminiyam ne aka yi masa siririyar riga ta jan ƙarfe, kuma idan mai sayarwa ya yi gaskiya za ka ga an rubuta CCA a jikin kwalin, sau da yawa da ƙananan haruffa. Alminiyam yana wuce da wuta kamar kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe yake wucewa da shi, don haka turjiyar irin wannan waya ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na ta gaskiya mai kauri iri ɗaya. Ma'ana, mai 2.5 ta CCA tana aiki ne kamar mai 1.5 ta jan ƙarfe da ɗan ƙari. A gajeren zango, kamar lasifikokin gaba, za ta yi aiki, kuma ba zan ce kunnenka zai kama bambanci ba. Ko a mita 14, asarar ƙarfin sauti ba ta kai desibel ɗaya ba, kuma amfilifaya na iya cike wannan giɓi. Abin da ya sa nake guje mata shi ne halinta a bakin ɗauri. Sililinta yana karyewa idan aka lanƙwasa shi sau biyu ko uku, yana laushi a ƙarƙashin noti har ɗaurin ya saki da kansa, kuma inda aka yanke ta, alminiyam da jan ƙarfe suna haɗuwa da danshi su fara cin juna. A Riyad, inda iska take a bushe, wannan yana ɗaukar lokaci. A Jidda, da danshin Bahar Maliya da gishirinsa, ga na'urar sanyaya ɗaki ana kunnawa ana kashewa, bakin wayar yakan yi fari ya fara zuba kamar toka tun lasifikokin ba su tsufa ba.

Gane ta ba shi da wuya. Ka roƙi mai shago ya yanke maka ɗan guntu, ka feɗe robar, ka kankare sili ɗaya da reza. Idan launin ja ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne. Kana iya duba bakin da aka yanke a haske, za ka ga ɗigo-ɗigon fari a tsakiya. Nauyi ma yana tona asiri, domin jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi fiye da ninki uku, don haka naɗin mita 30 da ka ɗaga ka ji shi sakayau abin zargi ne. Kada kuma kaurin roba ya ruɗe ka, saboda akwai wayoyin da robarsu ta kai ɗan yatsa kauri amma ƙarfen ciki bai fi na cajar waya ba.

A ɗaya gefen akwai wadda aka rubuta wa OFC, wato jan ƙarfen da aka tace aka cire masa iskar oksijin, tsarkinsa ya kai kashi 99.95 ko fiye. Waya ce mai kyau, amma fifikonta a kan jan ƙarfe na yau da kullum wajen wuce da wuta bai wuce kashi ɗaya ko makamancin haka ba. Amfanin wannan rubutu a wurina shi ne yana nuna ba CCA ba ce, idan har marubucin ya yi gaskiya. Idan kuɗinta ya zo kusa da na sauran, a saya. Idan an ninka shi saboda ado da kwali, gara a sayi kauri da kuɗin. Hasali ma wayar lantarki mai laushi mai layi biyu, mai 1.5 ko 2.5, wadda ake yankawa a kowane shagon kayan wuta, tana ɗaukar sauti kamar kowace, kuma launukanta biyu suna sauƙaƙa gane layi. Sharaɗinta guda ne, a manna mata alama a bakunanta biyu, don kada wata rana wani ya ɗauka ta wuta ce ya sa mata fulogi.

Akwai iri na huɗu da ya cancanci kulawar mazauna bakin teku, wato jan ƙarfen da aka yi wa rigar kuza. Shi kishiyar CCA ne a ido, waje fari ciki ja, kuma shi ake sa wa jiragen ruwa saboda yana jure danshi. Ga wanda zai kai lasifika baranda ko saman bene ko filin tsakar gida, wannan ce wayar da zan zaɓa ko da ta fi tsada. A cikin falon da yake rufe kuwa jan ƙarfe zalla ya wadatar, muddin an ɗaura bakinsa da kyau.

Wannan magana ta ɗaurin baki na koye ta ne a majalisar kawuna da ke kudancin Jidda. Ya kira ni wata rana bayan la'asar ya ce, "Ɗana, zo ka duba mini wannan na'ura, da an ƙara murya sai ta mutu, ina jin ta lalace." Lallai da muka kunna wasan ƙwallo aka ɗaga murya, sai ta yi ƙas ta ɗauke, fitilarta ta shiga ƙiftawa. Na cire fulogi na jawo ta waje na haska bayanta da fitilar waya. An feɗe kowace waya kusan tsawon ɗan yatsa, an cusa ba tare da an murɗe ba, sililin ya baje kamar gemun masara. A wajen lasifikar baya ta hagu, sili guda ɗaya, wanda da ƙyar ido yake ganinsa, ya miƙe daga jan turke yana shafar baƙin. Na ce, "Kawu, na'urarka lafiya lau take, kanta take karewa, da ba ta ɗauke ba da tuni ta ƙone." Da na taɓa bakin wayar sai ya karye a hannuna, cikinsa fari fat. Wanda ya haɗa masa ya karɓi kuɗin waya mai kyau ya sa ta alminiyam. Ranar ban gyara komai ba sai da muka sayo wata.

Kafin a zaɓi yadda za a ɗaura baki, sai an duba irin maƙalin da ke bayan kayan, domin shi yake yanke rabin hukunci. Ƙananan lasifikoki da amfilifaya masu sauƙin kuɗi suna zuwa da maƙali mai sifirin, wanda ake dannawa rami ya buɗe, a zura waya a saki ya cije ta. Manyan kaya suna zuwa da turke mai noti, ja da baƙi, wanda ake warwarewa a ga rami a gicciye a jikin turken, sannan akwai wani rami a tsakiyar kansa. Mai sifirin ba ya karɓar komai sai tsirarar waya ko kai mai tsinke, wato siririn ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa bakin waya, kuma raminsa yakan ƙi waya mai kauri sosai. Turke kuwa yana karɓar kusan kowane iri.

Tsirarar waya ita ce mafi sauƙi da araha, kuma ta fuskar lantarki babu abin da ya fi ta ranar da aka ɗaura ta, domin babu wani ƙarfe tsakaninta da turke. Rauninta biyu ne, sili mai ɓallewa irin wanda na gani a gidan kawu, da kuma dusashewar jan ƙarfe idan ya daɗe a iska, har ya yi duhu ko kore. Maganinsa shi ne duk shekara ɗaya ko biyu a kwance a yanke bakin a feɗe sabo, wanda shi ma dalili ne na barin rara a tsawon waya. Wasu sukan shafa wa bakin dalma da ƙarfen soda don ya haɗe wuri guda. Ban ba da wannan shawara ga abin da za a matse da noti ba, domin dalma tana da taushi, tana lotsawa a hankali ƙarƙashin matsi, bayan wasu watanni sai ka tarar ɗaurin ya yi sako-sako.

Kan da 'yan kasuwa suke kira banana ɗan ƙarfe ne mai kaurin milimita 4, mai ɗan kumburi a tsakiya, wanda ake ɗaura wa waya sau ɗaya sannan a riƙa soka shi a ramin tsakiyar turke. Ba ya ƙara wa sauti komai, kuma duk wanda ya ce maka ruwan zinaren da ke jikinsa yana gyara murya ya wuce gona da iri. Aikin zinaren hana tsatsa ne kawai. Fa'idarsa tana bayyana ne a bayan amfilifaya mai lasifika biyar ko bakwai, inda turaku goma ko goma sha huɗu suke cunkushe, yatsa ba ya samun wurin murɗa noti, ga duhu a cikin kabad. A nan banana yana rufe sililin gaba ɗaya, kuma cirewa da mayarwa ba su wuce daƙiƙa ba, abin da mai gidan haya da ke tashi lokaci zuwa lokaci zai yaba. A zaɓi mai noti biyu da ke matse waya, a kuma zaɓi mai rigar roba, domin masu rigar ƙarfe suna iya taɓa juna idan turakun suna kusa, a koma gidan jiya. Idan ka duba turke ka ga ramin tsakiya a toshe, kada ka ɗauka babu shi. Kayan da aka yi wa kasuwar Turai sukan zo da 'yar murfin roba a wurin, saboda banana yana iya shiga soket ɗin wutar can, kuma ana iya ciro murfin a hankali da bakin ƙaramin sukundireba. Aibinsa guda shi ne yana ƙara tsawo a baya, don haka lasifikar da za a manna a bango ba za ta zauna daidai da shi ba.

Kai mai gwafa, wanda yake rungumar turke a matse shi da noti, yana ba da riƙo mai ƙarfi da faɗin haɗuwa, ya kuma dace da manyan lasifikokin ƙasa da ba a motsa su. Sai dai yawancin amfilifayoyin kallon fim suna da ƙawanyar roba a gindin turke wadda ba ta barinsa ya shiga, kuma idan aka ja waya gefe yakan warware notin. Kai mai tsinke kuwa amfaninsa ɗaya, shigar da waya mai kauri cikin ƙaramin ramin maƙali mai sifirin. Abin da nake yi a mafi yawan gidaje shi ne banana a gefen amfilifaya, tsirarar waya a gefen lasifikokin bango, na gaba kuma duk wanda ya samu.

Ko wanne aka zaɓa, feɗe waya iri ɗaya ne. A cire fulogin amfilifaya daga bango tukuna. A raba layukan biyu kamar santimita 4 ko 5, sannan a feɗe milimita 10 zuwa 12 daga kowanne, ba fiye ba. Filayar feɗe waya mai ramuka masu lamba ta fi reza da almakashi, domin ba ta yanke sili. Wanda ba shi da ita sai ya zagaya robar da reza a hankali ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, ya lanƙwasa ta tsage. Dabarar da na fi so ita ce kada a zare guntun robar gaba ɗaya, a ja shi rabi, a riƙe shi a murɗa, sai sililin ya murɗe sumul ba tare da gumin yatsa ya taɓa shi ba. Idan ka ga sili ya zubo ƙasa fiye da ɗaya ko biyu, ka yanke ka sake. Bayan an zura an matse, kada a ga jan ƙarfe a waje, kada kuma noti ya ciji roba a maimakon ƙarfe, sannan a ɗan ja wayar a tabbatar ta kamu. Lasifikar da take da turaku huɗu da 'yan faranta masu haɗa na sama da na ƙasa, a bar farantan a wurinsu.

Sai a kula da ja da baƙi. Jan turken amfilifaya zuwa jan turken lasifika, baƙi zuwa baƙi, a kowace lasifika ba tare da togiya ba. Kowace waya tana da alamar da ke bambanta layukanta, ko dai launi, ko zane, ko rubutu a jikin layi ɗaya, ko ɗan tudu da yatsa yake ji ko a duhu. Juya su ba ya ƙona komai, amma lasifika ɗaya za ta riƙa turawa lokacin da 'yar uwarta take ja, sai amo mai kauri ya zube, muryar mai magana kuma ta rasa wurin zama. Mai sauraron karatun Alƙur'ani zai fi kowa saurin ganewa, domin muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya sai ta watse kamar daga bango take fitowa. Idan an riga an binne waya an manta wace ce wace, batirin rimot mai bolt 1.5 ya isa. A cire wayar daga amfilifaya, a taɓa bakunanta da batirin na ɗan lokaci kaɗan, lasifikar da ta yi ƙas ita ce tata, kuma idan fatar lasifikar ta turo waje, layin da ke kan tudun batirin shi ne na ja. Tsarin auna ɗaki da makirfo da ke zuwa cikin wasu amfilifayoyi, irin su Audyssey da ke cikin na kamfanonin Denon da Marantz ko YPAO na Yamaha, shi ma yakan yi gargaɗi idan ya ji an juya layi.

Hanyar da waya za ta bi ta danganta da ko gidan naka ne ko na haya. Gine-ginen nan bulo ne da siminti, ƙasa kuma tayil, don haka fasa bango aiki ne babba wanda mai haya ba zai yi ba sai da yardar mai gida. Zaɓi mafi dacewa gare shi shi ne kwalbatin roba mai murfi, wanda ake bi da shi ta gindin bango, domin yana kare waya daga ƙafa da tsintsiya, ana kuma buɗe shi a ƙara wata. A kafa shi da ƙananan kusoshi a wasu wurare, saboda gam kaɗai yakan saki da zafin bazara idan an yi tafiya an bar ɗaki a rufe. A majalisar da aka jera kujerun ƙasa da matasai a jikin bango, kwalbatin yana ɓuya a bayansu ba mai ganinsa. Akwai waya shimfiɗaɗɗiya mai gam wadda ake mannawa a shafe da fenti, tana da kyau a ido, amma cire ta yakan ɗebo fenti, kuma sai an tabbatar da kaurin ƙarfenta. Bi da waya ƙarƙashin kafet ya halatta a gefen bango kawai, ban da inda ake takawa ko ƙarƙashin ƙafar kujera.

Wanda yake gini ko gyara gidansa, shi ne mai babban rabo, domin zai sa a binne masa fayif tun kafin filasta, ko a bi ta saman silin jibis, musamman idan yana da niyyar sa lasifikokin sama na tsarin sautin fim da ake kira Dolby Atmos. A nan sai a nemi waya mai riga biyu da aka yi don cikin bango. Alamar CL2 ko CL3 da ake gani a jikin wasu ta fito ne daga dokar wayoyin lantarki ta Amurka, tana nuna rigar ba ta saurin yaɗa wuta idan gobara ta tashi. Wayar nan mai roba garai-garai da ake ganin ƙarfe ta ciki ba ta dace da binnewa ba, wasu ma robar tasu kan sa jan ƙarfen ya yi kore da daɗewa. Kada a haɗa ta fayif ɗaya da wayar wuta, idan kuma dole su haɗu to su gitta juna a wuce. Tunda abin da aka binne ba a son sake tono shi, a nan ba na sauka ƙasa da mai 2.5 ta jan ƙarfe zalla, kuma nakan bar igiya a cikin fayif ɗin don jawo wata nan gaba.

Wufa, wato lasifikar amo mai kauri, idan mai nata fulogi ce, ba ta cikin wannan lissafi, domin amfilifayarta tana cikinta, kuma waya ta daban, mai kan da ake kira RCA, ce take haɗa ta da ramin da aka ware mata a bayan babbar amfilifaya. Lasifikokin baya marasa waya suna raba mutum da jan mita 14, amma kowace tana buƙatar soket ko caji, kuma yawanci ba sa aiki sai da kayan kamfaninsu.

A majalisar kawu abin da muka tsaya a kai shi ne naɗi guda na mita 50 na jan ƙarfe mai 2.5, da banana guda goma masu rigar roba a bayan amfilifaya, da kwalbatin roba a bayan matasai wanda ya hau ya zagaye ƙofar shiga. Na naɗa wa kowace waya farin salatif a bakunanta biyu na rubuta sunanta da Hausa, gaba hagu, gaba dama, tsakiya, baya hagu, baya dama, domin kawu ya ce idan yara suka zare su ranar share-share yana so ya iya mayarwa da kansa ba sai ya jira ni ba.